Yadda Bincikau Ya Tara wa Ango Albasa

Ranar Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe, ana tsakiyar zafin watan Afrilu, Ango ya shigo biro, wato ofishin ƙungiyar Tattali a Madawa, rataye da jakar kwamfuta, sanye da kwat baƙa mai kauri. Kwana biyar ya yi a Yamai wajen wata formasiyo, wato horon ma'aikata. Ya dawo da takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, da wata sabuwar tafiya ta ɗage kafaɗa, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa a cikin mota tun kafin su wuce Doso.

Tattali ƙungiya ce ta manoman albasa na Madawa da Buza da Keita. Babban abin taƙamarta wata baƙar na'ura ce da ke ƙugi dare da rana a wani ɗan ɗaki mai sanyi, bayan biro. A cikin na'urar nan guda akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki. Ba a ganinsu, ba a taɓa su, amma kowace tana aikinta kamar an sayo ta daga kanti. Wata na riƙe da sunayen manoma, wata na lura da rumbunan ajiya, wata kuma ita ke kiran salular manoma ta gaya musu da murya ranar da kamiyo, babbar motar kaya, zai zo ɗaukar albasa.

Makullin ɗakin yana ɗaure a haɓar zanen Shafa'atu, sakatariyar ƙungiya, 'yar kawun Ango, wato taubashiyarsa. Shekararta tara tana kula da na'urar da wani kaye, littafin rubutu mai koren bango, inda ta rubuta lambar kowace kwamfuta. In za a gyara wani abu, sai ta buɗe kaye, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan makulli shi ne ya hana Ango barci. Shugaban ƙungiya, Alhaji Kalla, ya riga ya ce masa in ya gamsar da kwamiti yau, kuma abin ya yi aiki lafiya zuwa Laraba, to makulli nasa ne, har da ɗakin da ke kusa da na na'ura, ya zama bironsa.

"Yaya Shafa, an kwana lahiya? Yaya tsohon kayenki, bai cika ba tukuna?"

"Shina nan da ƙarhinai, Injiniyan kwana biyar," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Cire kwat ɗin ga kahin ka narke muna bisa siminti."

"Yau za ki huta. Na zo da abin da zai aika kayen ga wurin mai ƙosai, a riƙa naɗe ƙosai ciki."

"Mi ka zo da shi?"

"Bincikau." Ya ajiye jaka a kan teburinta, ya gyara wuyan kwat. "Shiri ne na rubuta da hannuna. Ba a ba shi liste. Shi da kainai zai shiga cikin na'ura shi zagaya. Duk kwamfutar da ya ishe, shi rubuta ta, shi yi mata wanka, shi sa mata riga iri ɗaya da ta 'yan'uwanta. Bayan kowane rabin awa shi sake zagaye."

Gaskiyar magana, malamin formasiyo ne ya ba su shirin, Ango suna kawai ya sauya masa. Sai kuma wani layi guda da ya goge. Layin yana cewa kada a taɓa kowace kwamfuta sai wadda aka yi wa shaida, kamar yadda ake tsaga kunnen akuya. To yin shaida aikin hannu ne, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, Ango kuwa ya rantse ya bar aikin hannu a Yamai.

Shafa'atu ta ajiye biron rubutu. "Duk wadda ya ishe?"

"Duk!"

"Ba shi tambayar ta ɗiyar wa ce?"

"Mi zai tambaya? Gidanmu ne."

Ta buɗe baki ke nan, sai ga sallamar 'yan kwamiti.

Ƙarfe goma an cika zaure. Alhaji Kalla na tsakiya, 'yan kwamiti goma sha biyu sun jeru a kan benci. Arɗo Bubakar, shugaban makiyayan yankin, ya biyo gaisuwa ne kawai, Alhaji ya ce ba ya tafiya sai ya sha ruwa, aka ba shi kujera kusa da shi. Aka karɓi makulli daga hannun Shafa'atu aka miƙa wa Ango aro, ya haska majigi a bango.

Ya fi minti ashirin yana bayani. Ya ce a Yamai mutum ɗaya ke kiwon kwamfuta dubu yana shan shayi. Ya ce Bincikau zai yi wa kowace kwamfuta tagwainiya, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta tashi. Zai sauya musu kalmar sirri, su bar tsohuwar da kowa ya sani. Zai ba su suna mai tsari.

"In anka ɗauke wutar kuran hwa?" wani ɗan kwamiti daga Keita ya tambaya.

"Madalla da tambaya! Ko an ɗauke kuran, da ya dawo, Bincikau ne na hwarkon tashi. Kahin kowa shi yi hamma, shi ya kama aiki."

Aka gyaɗa kai. Ango ya juya wajen Shafa'atu. "Yaya, kwamfuta nawa kayenki ya ce muna da su?"

"Bakwai."

Ya danna maɓalli da yatsa ɗaya, ya juya baya ga bango don a ga bai ko damu da kallo ba. Layuka suka fara zubowa. Ɗaya, biyu, biyar, bakwai. Takwas. Tara. Goma.

"Goma!" Ango ya daka tsalle. "Ranka shi daɗe, ka gani? Shekara tara ana zaune da kwamfuta uku ba a san da su ba! Minti ɗaya Bincikau ya tono su."

Zaure ya ɗauki kabbara. Alhaji ya dubi Shafa'atu ta saman gilashi.

Abin da Ango bai sani ba, ukun nan ba ɓatattu ba ne, amana ce. Shekarun baya, masu ƙaramin gidan rediyon unguwa sun zo wa Alhaji da kuka cewa kwamfutarsu ta ƙone. Ya ce wa Shafa'atu, "Ki ba su wuri." Daga baya makiyaya suka so abin kiran mutanensu ranar allurar dabbobi, sai wata lakwal, wato makaranta, mai son kiran iyayen yara. Duka amsa ɗaya: ki ba su wuri. Ba takarda, ba sa hannu, ba a taɓa faɗa a reniyon kwamiti ba. Mutumin kirki ba ya yi wa maƙwabci alheri sannan ya shigar da shi rajista. Shi kansa Alhaji bai san wurin da ya ce a ba su yana ƙirguwa a bango ba. Yanzu ga Arɗo zaune da kofin ruwa a hannu. Ta yaya Shafa'atu za ta ce a gaban mutum goma sha biyu, ai ɗayar ta wannan baƙon ce, zaman alfarma yake a gidanmu?

Sai ta yi gyaran murya. "Ango, zo waje, magana ɗaya."

"Hwaɗe ta nan, Yaya, ba mu da ɓoyo."

"Ta waje ce."

"Kishi ne, ranka shi daɗe," in ji Ango yana dariya. "Kaye ya ji kunya."

Kafin ta sake magana ya danna maɓalli na biyu. Wannan shi ne kwalliyar nunin. Jiya ya ɗauki muryarsa sau goma sha ɗaya kafin ya sami mai kaurin da yake so, da nufin ta je wa salula uku kawai ta gwaji. Amma ya saka ta a cikin rigar da Bincikau ke raba wa kowa.

Salular Alhaji ta yi ƙara. Ta na kusa da shi ta yi. Cikin ƙiftawar ido benci duka ya ɗauka, har da ta Arɗo a cikin aljihun ƙirji. Aka kara a kunne.

"Salamu alaikum manoma. Injiniya Ango ne ke magana. Kamiyo ya iso. Kowa shi kawo albasarshi biron Tattali gobe Talata da hantsi. Kada a makara."

Arɗo ya ciro salula daga kunne ya dube ta gaba da baya. "Ni ma?"

Aka ɗauki tafi, Ango ya juyo wajensa. "Ka gani, Arɗo? Har baƙi shina ganewa."

"To amma kamiyo sai Juma'a," in ji Alhaji. "Mu kaɗai munka ji, ko?"

"Mu kaɗai, ranka shi daɗe. Na cikin ɗakin ga. Gwaji ne."

Aka shafa fatiha. Alhaji ya shiga mota, yana da taron suna a Buza. Shafa'atu ta bi shi da sauri, ta tarar da ƙura. Ta dawo ta zauna gaban kwamfutarta, ta buga tsohuwar kalmar sirri, na'ura ta ce ba ta san ta ba.

"Ango, tsaida abin ga. Ukun nan na maƙwabta ne. Kuma muryarka ta tahi ga kowa."

"Wane maƙwabta? Suna cikin kayenki? Ke da bakinki kin ce bakwai." Ya kaɗa makulli a yatsa ya shige ɗakin da zai zama bironsa, yana auna inda tebur zai zauna da taku.

Ƙarfe sha ɗaya daidai, salular Shafa'atu ta yi ƙara. Ta maigadi ta yi. Ta mai shayin bakin ƙofa ta yi. Injiniya Ango ne ke magana.

Ango ya leƙa allo. Ashirin.

Ya tsaya yana kallo. Bincikau ya yi wa goman nan tagwaye kamar yadda aka umarce shi. Da ya dawo zagaye na biyu, ya ishe sababbi goma, bai tambayi ko 'ya'yan wa ne ba. Ya sa musu riga, suka kira duk lambobin da suka gada, ya ga ba su da tagwaye, ya fara yi musu.

"Ashirin," ya ce da ƙarfi don Shafa'atu ta ji. "Garke na haihuwa."

Sha ɗaya da rabi, talatin. Sha biyu, arba'in. Alhaji ya kira daga hanya.

"Ango, wagga murya taka ta ishe ni. Sau huɗu ke nan."

"Shina tabbatarwa ne, ranka shi daɗe. Haka ake yi Yamai."

"To ka ce mishi na tabbata."

Ana kiran azahar sai ga ƙarar moto a ƙofa. Zuhura ce, mai gabatar da shiri a gidan rediyon unguwa, ta shigo ko hular kwano ba ta cire ba.

"Ina Injiniyan? Kai ne? To sannu da zama tauraro. Mun bar kwamfuta ta sa wa mata shirin girki mun tahi cin abinci. Mun dawo mun ishe ka kana ta kiran albasa tun sha ɗaya! Wata tsohuwa ta kira tana tambaya in miyar yau albasa ce zalla."

"Madam, wanga matsalar rezon sadarwa ce daga wajenku."

"Rezo ne ya koyi muryarka? Har da tarin da ka yi a ƙarshe?"

"Mi ya haɗa rediyonku da na'urarmu?"

Zuhura ta dubi Shafa'atu, Shafa'atu ta dubi silin. Ko a nan ba wanda ya faɗa.

"Ba ni minti goma," in ji Ango. "Ƙaramin abu ne."

Ya cire kwat, ya shiga ɗakin na'ura. Dabara ta farko: a goge tagwayen. Ya buɗe jeri, sai ya ga aikin hannunsa. Suna mai tsari da ya yi alkawari ya hau kowa: ango, ango, ango, tun daga sama har ƙasa, kowace da doguwar lamba a gefe wadda ba ta gaya masa komai. Wace ce uwa, wace ce ɗiya? In ya goge uwar sunayen manoma fa? Ya rufe ido ya goge biyar daga can ƙasa. Da rabin awa ya cika, Bincikau ya zo ya ga biyar sun rasa tagwaye, ya mayar musu, ya ƙara da goman da ya saba.

Dabara ta biyu: a tsaida Bincikau. Ya nemi yadda ake tsaida shi a takardun formasiyo. Darasin ranar Juma'a ne da la'asar, lokacin da Ango ya fita ɗaukar hoto da takardar shaida.

Dabara ta uku: a aika gyara. Ya ɗauki sabuwar murya, wannan karon siririya, yana cewa kada kowa ya zo. Amma na'ura ta riga ta yi nauyi, tana numfashi kamar jakin da aka ɗora wa buhu shida. Saƙon ya tsaya a kashi tara cikin ɗari ya ƙi gaba.

"Ba ni kalmar sirri in taya ka," in ji Shafa'atu daga bakin ƙofa.

"In ba ki, ki gyara, ki ce wa Alhaji ke kin gyara? Na ƙi wayon."

"To sha ruwa dai. Rigarka ta jiƙe har wando."

Ƙarfe huɗu, ɗari da ashirin. Mai shayi ya kashe salularsa ya jefa cikin gwangwanin sukari. Ango ya tsuguna ya fizge wayar kuran daga bango. Na'ura ta yi ɗan ƙara ta koma kan batir, ta ci gaba. Ya rarrafa bayan akwatin batir, ya buge kai, ya kashe shi shi ma. Ɗaki ya yi tsit.

Ya fito da yanar gizo a gashi, ya mayar da kwat. "Na gyara."

"Ka kashe dai," in ji Shafa'atu. "Lambobin mutane duka suna cikinta. Da mi za mu kira su mu ce kada su zo?"

"Ba mai zuwa. Manomi ba yaro ba ne, kowa ya san kamiyo sai Juma'a."

Ita dai ta roƙi Zuhura, da maraice aka sanar a rediyo da baki cewa kuskure ne.

Talata da sassafe Ango ya fito daga gida yana shirya jawabin da zai yi wa Alhaji. Tun daga kwanar kasuwa ya fara jin wari. Da ya karyo layin biro, sai ya ja birki.

Amalanke bayan amalanke, na jaki da na shanu, sun toshe layi tun daga masallaci har gindin bishiyar bedi. Ga motocin a-kori-kura biyu daga Allakaye, ga wata daga Garhanga da ta kwana a hanya. Buhunan albasa jajaye, masu hular raga a baki, an jibge su a rana har sun fi katanga tsawo. Ya so ya juya, sai mai shayi ya ɗaga ludayi.

"Ga Injiniyan nan!"

Jama'a ta dare masa hanya, irin darewar da ba ta da daɗi. A bakin ƙofa wata tsohuwa na zaune a kan buhu, ta miƙe ƙafa. Tabawa ce daga Bangi, wadda ta fara noman albasa tun ba a haifi uban kwat ɗinsa ba.

"Kai ne mai muryar? Ashe ɗan ƙarami ne. A salula sai ka ce mai unguwa. To ga mu, ina kamiyo?"

"Inna, ai an hwaɗa a rediyo kuskure ne."

"Rediyo ta hwaɗa sau ɗaya. Kai ka hwaɗa sau goma sha biyu. Ita rediyon ma da rana bakinku ɗaya. Wa zan bi?"

"Gwaji ne, Inna."

"To mun ci gwajin, mun zo. Ɗana, na hidda albasa daga rudun ajiya, na ɗure ta buhu, na kwana bisa hanya. In ta yi kwana uku cikin ranar ga, ba kamiyo za ka kira ba, tukunya za ka kawo."

Sai wani mutum mai alli a hannun riga ya ratso, bayansa mutum biyu ɗauke da manyan bahuna. Mushe Surajo ne, wato Malam Surajo, direktan lakwal.

"Lambar lakwal ce ta kira iyaye," ya ce a natse. "Yau kowane ɗalibi ya zo da albasa, wani biyu. Wata uwa ta aiko da haƙuri, ta ce sai tumatir gare ta. Ina zan sauke?"

Sai ga Arɗo Bubakar, sanda a kafaɗa, dattawan makiyaya huɗu na biye. Ya zo gaban Ango, ya sa hannu a aljihu, ya ciro albasa ƙwaya ɗaya, ƙarama, ta fara tsiro. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Mu ba mu noma. Amma salular ga ba ta taɓa kiranmu a banza ba. Na bi ruga bakwai, wagga kaɗai munka samu, wurin matata. Ta ce in an gama a maido mata."

Dariya ta tashi har jakuna suka ɗaga kunne. A daidai nan motar Alhaji Kalla ta tsaya can nesa, don ba hanya. Ya tako da ƙafa, yana ratsa buhuna, babbar riga a naɗe. Ya tsaya gaban Ango yana kallonsa kawai.

Nan Ango ya ga makulli na shirin fita daga aljihunsa. Sai wata dabara ta faɗo masa. Na'ura ta kwana tana hutawa, yanzu ba nauyi. In ya kunna ta, ya tura saƙon gyara da sauri, salular kowa za ta ba da haƙuri a gaban Alhaji. Ya haye kan benci, albasar Arɗo a hannu.

"Jama'a! Ku saurara! Abin da ya hwaru jiya, ko Yamai shina hwaruwa. Alamar ƙarhin na'ura ce. Yanzu kowa shi hiddo salularshi shi riƙe. Minti biyu, za ku ji na'ura da kanta ta gyara maganarta."

"Ango, kada ka kunna da wayar rezo a jiki," in ji Shafa'atu. "Kai da bakinka ka ce wa ke hwara tashi."

Bai ji ba, ya riga ya ruga. Ya tada batir, ya mayar da waya, ya danna. Na'ura ta yi ƙugi. Yana lalubar saƙon gyara, bai kai ga samunsa ba sai ya ji wani abu daga waje kamar an saki garken tsuntsaye. Ya fito da gudu ya haye buhun albasa, yana tsammanin nasara ce ta riga shi.

Salula ɗari uku na ƙara a lokaci ɗaya. Bincikau ya tashi kafin kowa ya yi hamma, ya ishe goman ƙarshe na jiya ba riga, ya sa musu. Mutane suka ɗaga, wasu suka saki lasifika. Daga kan amalanke, daga gindin bedi, daga aljihun Alhaji, murya mai kauri ta cika layi:

"Salamu alaikum manoma. Injiniya Ango ne ke magana. Kamiyo ya iso. Kowa shi kawo albasarshi..."

Tabawa ta kara salula a baki. "Wa alaikumus salam, Injiniya. Mun kawo. Kana bisanta tsaye."

"...Kada a makara," in ji salula ɗari uku, sannan tari.

Wani ya faɗo daga kan amalanke don dariya. Mushe Surajo ya cire gilashi yana share ido. Ko Arɗo sai da ya rufe baki da rawani.

Alhaji Kalla ya miƙa tafin hannu. Ango ya sa makulli a ciki. Alhaji ya miƙa wa Shafa'atu.

"Saura kalmar sirri," in ji ta.

"In rubuta miki."

"Ba biro. Hwaɗi."

Ya yi ƙasa da murya ya faɗa.

"Ban ji ba, jakuna na kuka."

"Ango babban injiniya," ya ce. "A haɗe. Da ɗaya a ƙarshe."

"Ai kuwa ɗaya ne, ba na biyu," in ji Tabawa.

Shafa'atu ta ja shi da hannun kwat zuwa ɗakin na'ura, ta rufe ƙofa. Ta zare wayar rezo, ta buga layi guda, Bincikau ya tsaya cak. Sannan ta buɗe kaye. Bakwai na shafin farko, kowace da doguwar lambarta. Ta juya can bayan bango. Lamba uku ne da jan fensir, ba suna ko ɗaya. Gefen ta farko an zana ƙaho, ta biyu makirfo, ta uku ɗan guntun alli.

"Karanto min lambobin, ɗaya bayan ɗaya," ta ce.

Ya karanta.

Zuwa azahar an goge tagwaye duka, goma na asali suka rage. Ukun maƙwabta aka mayar musu da tsohuwar rigarsu. Bakwai aka yi musu shaida da hannu, aka mayar da layin da Ango ya goge. Da aka saki Bincikau ya zagaya, ya ƙirga bakwai ya tsaya. Aka kira manoma sau ɗaya da muryar Shafa'atu.

Albasar da ta iso, Alhaji ya ce a shigar da ita inuwa. Aka cika zaure, aka cika rumfar baya, sauran aka jera a ɗakin da ke kusa da na na'ura har silin. Ango ya ɗauki buhu tun daga azahar har magariba, Tabawa na nuna masa inda zai ajiye. Albasar Arɗo aka mayar wa matarsa.

Kamiyo ya zo ranar Juma'a da hantsi. Makulli yana haɓar zanen Shafa'atu.